'Yar Roba Ta Mayar Da Ni Murhun Kara

Wallahi na gaji. Kukar gas mai kai biyu, ƙarfenta garau, tiyo sabo, tukunya mai kilo 6 cike da gas, amma yau kwana goma sha ɗaya ina tsugune gaban murhu ina hura karan dawa, idanu na zuba. Duk saboda wata 'yar roba da ba ta fi murfin kwalba ba.

Makunnin dama ne ya fara. Ina tsaka da tuƙin tuwon dare na zo rage wuta, sai na ji yana juyawa sakwaf, wutar kuwa tana ci bal-bal abinta. Na zare shi na haska da fitilar waya. Ramin ciki ya dare gida biyu, ɗan ƙarfen da ke damƙe shi ya faɗo tafin hannuna. Kafin in lalubo kan tukunyar gas in rufe, tuwo ya kama, ƙauri har zaure. Na lallaɓa da na hagu, shi ma bai yi wata biyu ba ya bi ɗan'uwansa.

Don Allah wanda ya ƙera wannan abu ya taɓa girki kuwa? Abin da kullum sai an danna an murɗa, safe, rana da dare, kuma yana dab da wuta, shi za a yi da roba kamar ɓawon ƙwai? Mu nan ba ruwan shayi muke dafawa ba. Ka ɗora tukunyar tuwon mutum goma sha biyu, gindinta ya rufe kan, harshen wuta ya bazu yana lasar gaba, a haka robar ke gasuwa har ta yi ƙamas. Na liƙa da sufagulu, kwana biyu ya yi.

Sai neman wani. Malam ya zaga kasuwar Gujungu ran Lahadi, babu. Muka ba ƙanena sautu Sabon Gari a Kano, ya kawo guda biyu masu sheƙi, suka ƙi zama. Ashe ƙarfen da makunni ke hawa kansa ba iri ɗaya ba ne, wani kaurinsa milimita 6, wani 8, kuma gefe guda a shafe yake kamar rabin wata. Ya sake komawa, ga kuɗin mota tun da aka cire tallafin mai a 2023 sai addu'a. Wannan karon suka shiga cif, amma shafaffen gefen nasu wani wajen yake kallo. Alama tana nuna a kashe, gas kuwa yana fita. Da hancina na gane. Gas ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya, ga yara a tabarma bakin ƙofar kicin. Jikina har yanzu rawa yake in na tuna.

Na kira mai shagon da muka sayi kukar. Wai, "Hajiya, ai kamfanin ba ya kawo makunni daban, ki ɗauki sabuwa mana, akwai mai gilashi." Sabuwa! Da kuɗin wa? Ranar da yake karɓar namu bai ce mana shekara ɗaya za ta yi ba.

Na koma murɗawa da filayar babur ɗin Malam, har ƙarfen ya fara cinyewa, ya ce in bari kar in ɓata na ciki a rasa tudun dafawa. Inna kuwa abin nema ya samu, tana daga ɗaki: "Ni dai tun da nake ban taɓa jin makunnin murhu ya karye ba." Na yi shiru, me zan ce?

Jiya na tare yaron nan mai jari-bola, na damƙa masa fasasshen makunnin, na ce duk inda ya ga matacciyar kuka irin tawa ya ciro min nata kafin a ɗora a sikeli. Ya jujjuya shi ya ce, "Yaya, ai su ma yawanci ba makunni suke zuwa."