Na kai wa ƙudan zuma abinci, suka fara da ni

Jama'a ƙudan zuma ma fa ana ba su abinci, ba wasa nake ba. Nan Garwa ta Kamaru idan bazara ta kama, Maris zuwa Afrilu zafi ya haura 40, ga shi ka riga ka kwashe musu zumarsu, in gidan ƙarami ne yunwa sai ta sa su tattara su bar maka akwati wayam, don namu na Afirka ba sa zaman haƙuri. Shi ne ake dama musu farin sukari kilo 1 a ruwan ɗumi lita 1, ba a tafasawa, a bari ya huce. Tsinkakke haka sai su zaci furanni sun buɗe, sarauniya ta dage da zuba ƙwai.

Sukarin dai na uwargida ne na kunun azumi, aro na yi, ita ce kawai ba ta san ta ba da aron ba.

Wani dattijo maƙwabcin gonata mai amya a kan bishiyoyi ya ce min yaro da magariba ake ba su, kuma cikin akwati, ka jefa karare a kwanon kada su nutse, in ka bari ƙamshi ya fita da rana na wasu gidajen za su zo fashi. Na ce to Baba. Amma magariba ai lokacin buɗa baki ne, wa zai bar ƙosai ya tafi daji? Da azahar na zuba a jarka, murfin ya ɓata na toshe da leda, na ɗaura a bayan moto, wato babur, na kama hanya.

Hanyar gona kuwa rami na miƙa ka ga rami. Ina ta jin danshi a bayana ina cewa kai yau gumi ya yi gumi, ashe ledar ta fice tun daga unguwa, rabin jarka ya bi rigata ya gangara cikin wando har silifas suna ɗanko.

Ko murfin akwati ban ɗaga ba, ina tsugune ina hura busasshen kashin shanu a gwangwani don hayaƙi, na ji zuuu a ƙeyata. Da fari lasa suke yi abinsu cikin mutunci wallahi, ni ne na kai wa ɗaya mari ta ɗirka min harbi a leɓe. Kuma wurin harbi wani wari yake fitarwa mai kiran sauran, to nan fa gari ya waye. Na cire riga na wurgar, suka rabu biyu, rabi riga rabi wando. Wandon kam na ce sai dai a kashe ni, akwai mata masu itace a hanya.

Baba yana can gindin darbejiya yana dariya har da tari, yana ɗaga murya wai kankare ƙarin da farce kada ka matsa, dafin zai ƙara shiga! Baba ina gudu zan kankare?

Moto sai bayan isha'i ƙanina ya je ɗaukowa, ya tarar kiyashi sun yi taro a kan kujera. Ni kuwa na iso gida a ƙafa ba riga, leɓe kamar buhun gawayi, uwargida ta dube ni sama da ƙasa, ko sannu babu, ta ce Malam ina sukarina? Na buɗe baki magana ta ƙi fita. Ta miƙo min kunu salam ta ce sha, ai kai ka riga ka sha naka ta wando.