Daga dandalin Cibeles zuwa watan Yuni: a koya wa yara asalin sunaye

Duk lokacin da Real Madrid ta ɗauki kofi, 'yan wasanta kan zarce dandalin Cibeles da ke tsakiyar birnin Madrid, kyaftin ya hau ya ɗaura wa wani mutum-mutumin mace gyalen ƙungiyar. Matasanmu na kallo suna sowa, amma da wuya a sami wanda zai gaya maka ko wace ce wannan mata da ke zaune a keken da zakuna biyu ke ja.

Cybele ce (Cibeles da Sifaniyanci), wadda mutanen Firjiya, a cikin Turkiyyar yau, suka bauta wa a matsayin uwa. A shekara ta 204 kafin haihuwar Annabi Isa, Alaihis Salam, lokacin da Hannibal, jagoran sojojin Carthage, ya addabi Italiya da yaƙi, Rumawa suka ɗauko dutsen da ake ganin alamarta ne suka kai Rum, suka kuma buɗe mata ɗakin bauta a tudun Palatine a shekara ta 191 kafin haihuwar Annabi Isa. Daga nan laƙabobi suka yi ta zuwa da harshen Latin: Magna Mater, wato babbar uwa, da Mater Deum, uwar alloli. Wasu kuwa na nasaba ne da wuri, kamar yadda muke cewa Bakano ko Bazazzagi. Idaea daga Dutsen Ida ya fito, Dindymene daga Dutsen Dindymon. Wanda ya iya karanta laƙabin ya san hanyar da bautar ta bi kafin ta isa Rum.

Ba ita kaɗai ta bar suna ba. Ceres, wadda Rumawa suka jingina wa hatsi, ita ce asalin kalmar cereal ta Turanci. Da masanin taurari Giuseppe Piazzi ya gano wata ƙaramar duniya a sararin sama ranar 1 ga Janairun 1801, sunan Ceres ya sa mata, sannan a 1803 aka raɗa wa sinadarin cerium suna daga wannan duniyar. Juno kuma, wata abar bautar Rumawa, tana da laƙabin Moneta, kuma a gefen ɗakin bautarta ake buga kuɗin Rum, shi ya sa Faransanci ke da monnaie, Turanci ke da money. Watan Yuni da muke rubutawa a takardun haihuwa ma, mafi rinjayen ra'ayi shi ne daga sunan Juno ya samo asali.

Na san akwai masu ƙyamar wannan zance, suna ganin ambaton gumaka ne. Ina mutunta kishinsu, amma ban yarda da hukuncinsu ba. Sanin asalin suna daban, bauta daban. Alƙur'ani da kansa ya ambaci Lata da Uzza da Manata, domin a san tarihin ɓatan da aka fita daga ciki.

Abin da ke damuna shi ne yaron da ke haddace cerium da tellurium a sakandare tamkar duwatsu a baki. Da malamin kimiyya zai ɗauki minti biyu ya gaya masa cewa tellurium daga Tellus ne, uwar ƙasa ta Rumawa, kuma masanin sinadarai Martin Klaproth ne ya sa sunan a 1798, da yaron ya riƙe kalmar har bayan jarrabawa.