Bulus ya ɗinka tanti, amma ba ikkilisiya ce ta umarce shi ba

Akwai wata magana da ta zama yayi a zaman dattawan ikkilisiyoyi a 'yan shekarun nan, musamman idan lokacin tsara kasafin kuɗin sabuwar shekara ya zo, kuma duk mai bin al'amuran majami'u ya riga ya ji ta. Maganar ita ce wai lokaci ya yi da masu bisharar da aka aika filin mishan za su koyi dogaro da kai, su kama sana'a su riƙe kansu, tun da Manzo Bulus ma da guminsa ya ci abinci. Daga nan sai a zabtare abin da ake aika musu, ko a ce za a riƙa aikawa gwargwadon abin da ya samu, a rufe zama da addu'a, kowa ya koma gidansa albashinsa bai ragu da komai ba. Maganar tana da kamannin ruhaniya, shi ya sa ba a cika samun mai tanka mata ba, amma a ganina saɓa alkawari ne aka lulluɓe da ayar Littafi Mai Tsarki.

Masu wannan ra'ayi suna kafa hujja da Ayyukan Manzanni sura 18, inda Bulus ya sauka a Koranti a gidan Akila da matarsa, ya shiga ɗinkin tanti tare da su. Suna karanta aya ta 3, su rufe littafin. Da za su daure su kai aya ta 5, da sun ga cewa da zuwan Sila da Timoti daga Makidoniya sai Bulus ya duƙufa ga wa'azi ɗungum. Dalilin wannan sauyi ba ɓoyayye ba ne, domin shi da kansa ya faɗe shi a 2 Korantiyawa 11:8-9: 'yan'uwan da suka zo daga Makidoniya su ne suka biya masa bukatarsa, har ya kwatanta abin da yi wa wasu ikkilisiyoyi ƙwace domin ya yi wa Korantiyawa hidima. Wato ɗinkin ya cike giɓi ne a lokacin da babu taimako, da taimakon ya iso kuwa sai aikin da aka aike shi yi ya samu dukan lokacinsa. Mutanen Filibi ma ya yaba musu cewa tun yana Tasalonika sun aika masa da gudummawa ba sau ɗaya ba.

Abin da ya fi wannan nauyi yana 1 Korantiyawa sura 9, wadda masu wa'azin dogaro da kai ba su cika son tsayawa a kanta ba. A can Bulus ya tambaya ko akwai sojan da yake fita yaƙi da guzurin aljihunsa, ya kawo dokar Musa da ta hana sa wa takarkari takunkumi yana sussuka, sa'an nan a aya ta 14 ya ce Ubangiji ne ya umarta masu shelar bishara su ci abinci ta hanyar bishara. Bayan ya gama tabbatar da cewa hakkinsa ne, sai ya ce shi bai mori wannan hakki a wurin Korantiyawa ba, kuma yana da dalilinsa. To, mai hakki ne kaɗai yake da ikon yafe hakkinsa. Ba a taɓa jin wanda ake bi bashi ya yafe wa kansa ba, ya kuma ce ya yi koyi da karimcin mai binsa. Kwamitin da ya tura mutum da iyalinsa wata ƙasa ko wani lungu, sa'an nan ya zauna a inuwa ya yanke masa hukuncin cewa ya zama Bulus, abin da yake yi ke nan.

Wasu za su ce ai akwai likitoci da malamai da injiniyoyi da suke shiga ƙasashen da ba a ba 'yan mishan izinin zama, suna riƙe kansu da aikinsu. Haka ne, amma waɗannan da takardun aikinsu da albashinsu suka tafi tun farko, kuma babu abin da ya haɗa su da mai bisharar da aka yi wa alkawarin tallafi a gaban jama'a, aka ɗora masa hannu, bayan shekara biyu aka ce masa ya nemi abin yi. Wasu kuma sukan kawo labarin Hudson Taylor, wanda ya kafa ƙungiyar mishan ta cikin ƙasar Sin a 1865 bisa ƙa'idar cewa ba za a roƙi kowa kuɗi ba. Sun manta cewa William Berger yana Ingila yana riƙe da al'amuran ƙungiyar, George Müller na Bristol kuma yana aika wa ma'aikatanta kuɗi a kai a kai. Taylor ya ɗora wa kansa ƙa'idar rashin roƙo, bai ɗora wa masu bi ƙa'idar rashin bayarwa ba.

Hujjar tsadar rayuwa ba ta cancanci dogon bayani ba. Ikkilisiyar da ta samu kuɗin sabon kayan kiɗa da faɗaɗa gini da bikin cika shekara ba za ta gamsar da ni cewa talauci ne ya sa ta rage wa mai bishara abincinsa ba, balle ma ikkilisiyoyin Makidoniya da Bulus ya yi alfahari da bayarwarsu a 2 Korantiyawa sura 8, ya shaida cewa cikin matsanancin talauci suke.

Abin da irin wannan shawara take haifarwa an riga an auna shi. A tsakiyar shekarun 1990 sashen mishan na ƙungiyar World Evangelical Fellowship ya gudanar da bincike a ƙasashe 14 kan dalilan da suke sa 'yan mishan barin aiki, aka fitar da sakamakon a 1997. An gano cewa kusan mutum 1 cikin 20 yana barin fili kowace shekara, kuma kashi 71 cikin 100 na masu barin, dalilansu irin waɗanda za a iya magancewa ne. A ƙasashen da ba su daɗe da fara aika 'yan mishan ba, waɗanda suka haɗa da Najeriya da Ghana da Brazil da Koriya ta Kudu, rashin goyon baya daga gida yana sahun gaba a cikin dalilan. Da yawa daga cikin masu barin ba su rasa kira ba, kuma ba tsanantawa ce ta kore su ba. Waɗanda suka aike su ne suka daina waiwayarsu. Da ruwan ciki ake jan na rijiya, kuma mutumin da ya kwana yana lissafin kuɗin makarantar 'ya'yansa ba zai wayi gari da natsuwar koyon sabon harshe ko fassara Littafi Mai Tsarki ba.

Mai bishara da kansa yakan iya jurewa, domin shi ne ya ji kira, kuma yana jin kunyar ya yi kuka kada a ce bangaskiyarsa ta raunana. Matarsa da 'ya'yansa su ne suke biyan abin da kwamiti ya tsimanta. Ana yawan ba da tarihin William Carey, wanda ya isa Indiya a 1793, a matsayin labarin nasara, ba a cika ambaton cewa guzurinsu ya ƙare ba da daɗewa da saukarsu ba, ɗansu Peter ya mutu a 1794 yana ɗan shekara 5, matarsa Dorothy kuma ta samu taɓin hankali da bai rabu da ita ba har ta rasu a 1807. A zamaninsu wasiƙa tana ɗaukar watanni kafin ta isa, saboda haka mutanen gida suna da uzuri. Ikkilisiyar yau, wadda kowane dattijonta yake da waya a aljihu, ba ta da uzurin da zai sa a yi wata shida babu wanda ya kira matar mai bishara ya tambaye ta lafiyarta, ko inda za ta haihu, ko wace makaranta yaranta suke zuwa.

Sabon salon yana da ɗan'uwa da ya fi shi muni, wato ɗaure tallafi da sakamako. Yanzu ana so mai bishara ya riƙa turo hotuna da adadin waɗanda suka tuba kowane wata, domin a nuna wa jama'a a allo, wanda hotunansa suka fi cika ido kuma shi ne kuɗinsa yake fara fita. Da wannan ma'auni, da an janye Carey tun kafin ya yi wa mutum na farko baftisma a Disamba 1800, bayan shekara 7 a fili. Da an janye Adoniram Judson, wanda ya isa Burma a 1813 bai samu mai bi na farko ba sai 1819, da kuma Robert Morrison, wanda ya shiga Sin a 1807 ya jira har 1814. Ikkilisiyar da take biyan kuɗi a kan alƙaluma tana koya wa ma'aikacinta ƙarin gishiri, kuma idan ta yaɗa hotunan sababbin masu bi a Facebook daga wurin da sauya addini yake iya jawo wa mutum kora daga dangi ko kisa, ta sayi tafin jama'arta da ran wani. Rahoto wajibi ne, babu mai musun haka, domin Bulus da Barnaba da suka koma Antakiya sun tara ikkilisiya sun ba da labarin dukan abin da Allah ya yi. Amma Ayyukan Manzanni 14:28 ta ƙara da cewa sun daɗe a wurin tare da masu bi, wato sun samu gida da hutawa a wurin waɗanda suka aike su.

Akwai kuma masu cewa sun riga sun miƙa nasu kason ga hukumar mishan, saura ya rage nata. Hukuma tana iya shirya takardu da horo da hanyar aika kuɗi, amma ba ta san mahaifiyar mai bisharar da ke kwance ba lafiya ba, kuma ita ma tana iya durƙushewa. A 2015 hukumar mishan ta ɗarikar Southern Baptist a ƙasar Amurka, ɗaya daga cikin mafi girma a duniya, ta bayyana cewa a cikin shekara 6 ta kashe dala miliyan 210 fiye da abin da ya shigo mata, kuma kafin a kai tsakiyar 2016 ma'aikata fiye da 1,100 sun bar aiki, kusan 1,000 daga cikinsu 'yan mishan ne da ke fili. Duk wanda ya dawo a irin wannan hali, ikkilisiyarsa ta gida yake nufa. Mutanen Filibi kuwa ba kuɗi kaɗai suka tura wa Bulus a kurkuku ba, sun tura masa mutum, Abafaroditas, wanda ya yi ciwo har ya kusa mutuwa a kan wannan hidima. Ikkilisiya nawa ce a yau ta taɓa biya wa dattawa biyu kuɗin tafiya domin su je su kwana a ɗakin da mai bishararsu yake kwana?

Gyaran ba ya bukatar taron bita. A sa tallafin mai bishara a cikin kasafi a layi ɗaya da albashin fasto, ya fita a rana ɗaya da shi, a haɗa da kuɗin magani da na makarantar yara da wani abu na ranar tsufa. A naɗa mutane ƙalilan da za su ɗauki iyalin a matsayin nauyinsu, a kuma tanadi wurin saukarsu idan sun zo hutu, ba tare da an mai da hutun yawon roƙo daga wannan majami'a zuwa waccan ba. Ikkilisiyar da ta san ba za ta iya riƙe mutum biyar ba, ta aiki ɗaya ta riƙe shi da kyau, ko ta haɗa kai da maƙwabciyarta. Idan kuwa da gaske kuɗi ya gaza har ragi ya zama dole, to a rage wa kowa da kashi iri ɗaya, tun daga babban fasto har sakataren ofis, kuma dattijon da ya kawo shawarar ɗinkin tanti shi za a ba aikin tsayawa gaban jama'a ranar Lahadi ya karanta sunayen waɗanda ragin ya shafa da adadin 'ya'yan kowannensu.