Idon sama bai san maulidi ba

Duk lokacin da aka yi maganar tsaro a yankinmu na Bauchi da Gombe, sai a ce a ƙaro jirage marasa matuƙa. Ban ƙi ba. Rundunar sojin sama tana da rukunin leƙen asiri a Gombe, hedikwatarta ta ayyuka na musamman kuma tana Bauchi. An sayo jirgi mara matuƙi samfurin Wing Loong II daga Sin, an ƙera wani mai suna Tsaigumi a Kaduna aka ƙaddamar da shi a 2018. Kayan aiki dai an fara tarawa.

Sai dai lissafin bai tsaya a yawan jirage ba. In kana son ido a kan wuri guda dare da rana, jirgi ɗaya ba zai yi ba: ɗaya na sama, ɗaya na gyara, ɗaya na jira, ga masu tuƙi daga ƙasa da ke karɓa-karɓa. Dajin Yankari kaɗai ya haura murabba'in kilomita 2,000, ba a ma zo kan dajin Lame-Burra ba. Damina ganye ya rufe ƙasa, hunturu hazo ya rufe sama.

Ko an gani ma, wa zai fassara? A Disambar 2023 jirgi mara matuƙi na sojin ƙasa ya hango taro a Tudun Biri ta jihar Kaduna, ya sako bam, mutum aƙalla 85 suka rasu. Maulidi ake yi. Na'urar ta ga mutane sarai. Wanda zai ce “ai dare ne na maulidi” shi aka rasa.

A nan nake ganin kasonmu ya karkace. Mai shago a Alkaleri da ya ga baƙo ya kwashe burodi buhu guda da jarkokin fetur, ya ɗaure a babur ya nufi jeji, ya riga kowace kyamara sanin abin da ke tafe. Amma zai faɗa ne kawai in ya tabbata sunansa ba zai koma kunnen masu sayen burodin ba. Mafarauta da ’yan banga haka.

Horar da mai karanta hoto da ke jin Hausa da Fulatanci, da riƙe sirrin mai kawo labari, ba su da bikin yanke kirtani, shi ya sa ba a ɗokinsu. Ni kam da za a ba ni kasafin jirgi biyar, huɗu zan saya, kuɗin na biyar in zuba a kan waɗannan mutanen.