Ni da Duna da Shuɗin Layi

Ɗan wana da ke karatu a Dutse shi ya ja mini. Da ya zo hutu ya saka mini taswira a waya, ya ce, "Baffa, wannan ba ta ɓata. Taurarin ɗan'adam ne ke gaya mata inda kake, suna can sama wajen kilomita 20,000, kuma sai aƙalla huɗu sun haɗa baki." Ya ƙara da cewa tun 1997 kwamfutar IBM ta lallasa Garry Kasparov, gwanin duniya a darar Turawa. Na ce to, abin da ya ci gwanin dara ai ba zai kasa kai ni gida ba.

Ranar Alhamis na ci kasuwar Maigatari, hira ta riƙe ni har magariba. Na ɗaura wa jakina Duna mangala, na haye, na buɗe waya. Shuɗin layi ya nuna mini wata yanke ta cikin fadama, wai ta fi burtalinmu kusa. Shekara bakwai Duna yana bin burtalin nan, bai taɓa neman shawarata ba.

Muna zuwa mararraba ya toge. Na zungure shi, ya kwantar da kunne. Na ba shi sanda biyu, ya juya mini gindi. Sai na sauka, na tsaya a gabansa ina masa bayanin tauraron ɗan'adam, wallahi da babbar murya, har na haska masa wayar a fuska. Ya shinshina ta, ya yi atishawa.

Na ce bari mai hankali ya wuce gaba. Taku goma na yi. A na sha ɗaya na lume har cinya, don watan Agusta ne, kuma da alama babu wanda ya sanar da taurarin cewa an kwana ana ruwa. Takalmina na dama yana can har yau. Ina kokawa da taɓo waya ta yi ƙyaf, caji ya ƙare, aka bar ni da kwaɗi da sauro.

Da na waiwaya, babu Duna, babu mangala.

Sai da aka yi shirin kwanciya na isa gida, ƙafa ɗaya da takalmi, laka har gemu. Ga gogan naku a turke yana cin dusa, an sauke masa kaya, ko gishirin cefane bai jiƙe ba. Uwargida ta ɗaga fitila ta dube ni sama da ƙasa.

"Malam, shi tun kiran isha'i ya shigo. Kai wa ya riƙe ka?"

Ɗan wana ya karɓi wayar ya jona ta a caji, ya duba, ya ce laifina ne, wai ban sabunta manhajar ba. Duna ko kai bai ɗago ba.