Wutar cek injin ta mutu da kanta, shin mota ta warke?

Direbobi da yawa a Gusau, har masu lodin Funtua da Talata Mafara, sun ɗauka in wutar cek injin, wato 'yar fitilar gargaɗi da ke gaban direba, ta kama sannan ta ɗauke da kanta, to shi ke nan mota ta warke. Wasu ma kan batir suke cirewa don wutar ta mutu. Ba haka abin yake ba.

Kwamfutar mota ce ke kunna ta, kuma takan kashe ta in an yi tafiya uku a jere matsalar ba ta dawo ba. Amma lambar da ke nuna matsalar tana nan a ajiye a cikin kwamfutar. Cire kan batir kuwa yana iya goge ta, bakanike ya koma lalube.

Sau da yawa waya ce ta yi sako-sako, ko fulogi ya gaji, ko murfin tanki bai ɗauru ba, ko an sha gurɓataccen man bumburutu. A kai motar a jona mata na'urar da ke karanta lambar, soket ɗin yana ƙarƙashin sitiyari.

In kuwa ƙiftawa wutar take yi, inji na karkarwa, rage gudu ka faka. Ɗanyen fetur ne ke gangarawa salansa yana ƙona katalis, matacin hayaƙi da ke jikin salansa, wanda kuɗinsa ya ninka na fulogi nesa ba kusa ba.