Kakar Ingila da idon ɗan Kantin Kwari

Duk shekara idan Satumba ta kama, sababbin ɗalibanmu sukan sauka a birnin Leeds na Ingila, kuma ba a yin mako biyu sai wani ya tare ni bayan sallar Juma'a ya ce, "Yaya, don Allah ina ake sayen rigar sanyi?" Na san abin da zai faru in na yi shiru. Zai shiga kanti a tsakiyar gari ya ɗauko ƙatuwar jaket mai kumburi, baƙa mai ƙyalli, da sunan kamfani ɓaro-ɓaro a ƙirji, ya zuba kuɗin da za su ciyar da shi wata guda. Ya shiga bas da ita gumi ya keto masa. Ya cire ta a aji sanyi ya kama shi, domin ba komai a ƙarƙashinta sai 'yar shat. Kafin sanyi na biyu zif ya lalace, hannun ya fara fitar da auduga.

Abin yana damuna ƙwarai, saboda yaron nan daga cikin mutanen da suka san tufa ya fito. Mahaifina ya yi shekaru yana sayar da yadi da shadda a Kantin Kwari, kuma ban taɓa ganin ya duba sunan da ke jikin leda kafin ya yanke hukunci ba. Yakan murza bakin yadin tsakanin babban yatsa da manuni, ya ɗaga shi ga hasken ƙofa, ya dunƙule shi a tafin hannu ya saki, ya ga ko zai miƙe. Sai ya ce da yaron shago, "Kai, ajiye wannan, roba ce." Manyan masu sayensa ba sa neman mai launuka da yawa. Farar Getzner suke nema, wadda ake saƙawa a garin Bludenz na ƙasar Ostiriya, a kamfanin da aka kafa tun 1818. Su kai wa maɗinki ya yi farin aiki a kan farar shadda, aikin hannu na makonni, wanda daga nesa ba ka ganin komai sai fari. Sai ka zauna kusa da mai rigar kafin ka gane abin da ke jikinsa. Abin da Turawa ke ta yayi yanzu, wato sa kaya masu daraja waɗanda ba sa ihu, dattawanmu sun daɗe a kansa. Ban ga dalilin da zai sa mu sauka daga jirgi mu manta da wannan idon ba.

Amma akwai abin da dole a sake koyo, kuma na farkonsa shi ne ita kakar kanta. Sunan ɗaya ne, abin daban. A gida kaka lokacin girbi ne: ruwa ya ɗauke, ana yankan gero da dawa, rana tana nan da zafinta har hunturu ya ƙaraso da ƙura. A nan kaka yayyafi ce da iska, da jiƙaƙƙen ganye mai santsi a kan hanya. Da safe sanyi, da rana ɗan sassauci, da yamma ruwa. Ranar Lahadin ƙarshe ta Oktoba a mayar da agogo baya da awa ɗaya, kuma zuwa ƙarshen Nuwamba ana kiran magariba kafin ƙarfe 4. Gidaje da ofisoshi da jiragen ƙasa duk da ɗumi a ciki. Wanda ya fita aiki yakan shiga zafi ya fita sanyi sau da yawa a yini ɗaya, shi ya sa riga ɗaya mai kauri ba ta magance komai. Kaya marasa nauyi guda uku, ɗaya a kan ɗaya, waɗanda za ka cire ka mayar, su ne maganin.

Shadda kuwa, duk da ƙaunar da nake mata, ba ta wannan yanayi ba ce. Auduga ce, kuma kyanta yana cikin bugu da sitati da guga. Yayyafin minti biyar ya isa ya ɗiga mata tabo ya kwantar da tsayuwarta, sannan auduga in ta jiƙe sai ta manne a jiki ta riƙe sanyi. Ulu shi ne shaddar wannan ƙasa. Yana iya shan danshi kusan kashi ɗaya cikin uku na nauyinsa ba ka ji shi a jiƙe ba, ba ya saurin ɗaukar wari, ba ya yamutsewa. Kuma Allah ya sa inda nake zaune nan ne gidansa. Bradford da Huddersfield da ulu suka yi suna a duniya, kuma a Guiseley, nan gefen Leeds, masaƙar Abraham Moon tana aiki tun 1837. Ranar da na fara riƙe yadinsu sai na samu kaina ina murza shi yadda Baba yake yi, kuma hannuna ya gane shi tun kafin a faɗa mini kuɗinsa.

Ga abin da ke cikin ɗakina na kaka, kuma da shi nake zuwa aiki kullum. Kwat ɗaya ta ulu mai kaiwa gwiwa, shuɗi mai duhu. Jaket ɗaya ta ruwan sama. Suwaita uku marasa kauri, ruwan toka, ruwan makuba da kore mai duhu. Wando biyu na ulu da ɗaya na auduga mai kauri, takalma ƙafa biyu na fata, sai abin naɗe wuya guda. Da gangan na tsaya a kan launukan da ba sa faɗa da juna, domin da asuba cikin duhu in miƙa hannu in ɗauko kowane biyu su dace. In zuciya ta so ɗan launi, ruwan goro ko ruwan hanta a abin wuya ya wadatar. Baƙi daga sama har ƙasa ba na sonsa a kanmu; shuɗi mai duhu da ruwan ƙasa sun fi fito da baƙar fata, kuma duk wanda ya taɓa tsayawa a marinar Ƙofar Mata ya ga yadda rinin baba ke zama a jikin Bahaushe ba ya bukatar a yi masa bayani.

Wajen zaɓen suwaita, a juya ta a nemi 'yar takardar da ke ɗinke a gefe ta ciki. Doka ta wajabta a rubuta abin da aka saƙa tufa da shi, don haka mai kanti ba zai iya ɓoye maka ba. In ka ga yawancinta roba ce, ajiye, ko sunan wa ke wuyanta. Ulun tumakin marino, wanda yawancinsa daga Ostireliya yake zuwa, shi ne ya fi dacewa da sawar kullum: siriri ne, ba ya ƙaiƙayi, yana shiga ƙarƙashin kwat ba tare da ya mai da mutum kamar buhu ba. Kashmiya, wadda ake tajewa daga jikin awakin Mongoliya da arewacin Sin, ta fi laushi, amma mai araharta gashinta gajere ne, wata biyu ta fara ƙulle-ƙulle a hammata. Araha ba ta ado. Gara marino mai kyau da kashmiyar da aka yi don suna kawai. Kuma ni nakan tura hannun suwaita zuwa saman gwiwar hannu tun a kanti in ga ko zai koma yadda yake, domin abin da za a naɗe sau uku ko huɗu a yini saboda alwala dole ya jure.

Haka takalmi. Mai igiya da yawa wahala ne a ƙofar masallaci. Mai kaiwa idon sawu da roba a gefe, wanda ake zurawa a zare, ya fi mana sauƙi. A Northampton akwai kamfanoni irin Tricker's da aka kafa a 1829 da Crockett & Jones na 1879, masu ɗinke tafin takalmi maimakon manna shi da gam, ta yadda in ya cinye sai a cire a sa sabo, fatar saman tana nan. Nakan tuna cewa fatar jar akuyar Sakkwato da ta ratsa Sahara, ita ce Turawa suka daɗe suna kira fatar Maroko suna rufe manyan littattafansu da ita. Dukawanmu sun san fata kafin wani ya zo ya koya mana.

Inda muka fi bambanta da mutanen nan shi ne a kan sabo da tsoho, kuma nan ne na fi daɗewa ina tunani. A gida, daraja tana wurin sabo. Kayan Sallah, ankon biki, ɗinkin suna: a sa sau biyu ko uku, a yi hoto, a linke a jefa kafur a rufe akwati, ranar aiki kuma a koma wa abin da ya samu. Mafi kyan kayanmu a ajiye suke tsufa. A nan sai ka ga dattijo mai gona da gidaje sanye da jaket ɗin Barbour da ta koɗe a gwiwar hannu, an yi mata faci, kuma yana ji da ita fiye da sabuwa. Kamfanin yana South Shields tun 1894, kuma har yau mutane suna mayar musu da tsofaffin jaket a sake shafa musu man da ke hana ruwa shiga, a ɗinke inda ya yage. Yadin Harris Tweed kuwa majalisar dokokin Birtaniya ce ta yi masa doka a 1993: ba ya cin sunan sai masaƙin tsibiran Outer Hebrides na Sikotilan ya saƙa shi da hannu a gidansa, da ulun da aka rina aka kaɗa a can. Duk lokacin da na ga tambarinsa a cikin kwat sai in tuna da masaƙanmu na saƙi da tsamiya, waɗanda babu dokar da ta tsaya musu, zuciyata ta sosu.

A wannan gaɓa ina tare da mutanen nan. Tufar da ka kashe mata kuɗi ita ya kamata ta fi ganin rana. Kwat ɗin da ka sa kwana ɗari a shekara har shekara goma ita ce kwalliyar da ta biya kuɗin sabulu. Ba a yawan wanke ulu. A rataye shi ya sha iska, a goge shi da buroshi, in bazara ta zo a ajiye shi da tsabta saboda asu. Yana kuma riƙe turaren wuta fiye da kowane yadi da na sani, har abokan aikina sukan tambayi abin da uwargida ke sa wa kwat ɗina.

Ba kuma sai mai kuɗi ba. Kwat ɗina ta ulu a shagon sadaka na same ta, a wata unguwar masu hali, da kuɗin da bai kai na jaket ɗin robar da ɗalibanmu ke saya ba. Wasu 'yan uwa suna jin kunyar shiga irin waɗannan shaguna, wai gwanjo ne. Gwanjo ne mana, kuma a Ƙofar Wambai ma mai ido shi ke tsintar na kirki. Abin da ban yarda da shi ba shi ne wanda ya mai da rashin tambari wani sabon alfahari, ya sayi suwaita da kuɗin hayar wata don 'yan kaɗan su gane. Wannan ma nuna isa ne, an dai yi shi cikin raɗa.

Akwai kuma abin da muka fi su nesa ba kusa ba: tela. Yawancin mutanen nan abin da aka ɗinka wa kowa suke sawa, hannu ya yi tsawo, kafaɗa ta zube, su haƙura. Mu kuwa ko almajiri an taɓa auna shi. Duk kwat ɗin da na saya sai na kai an rage hannu an daidaita, kuma wannan ɗan gyaran shi ke sa tsohuwar kwat ta zauna kamar don kai aka yanka ta. Ba na kuma son in ga ɗan uwa ya ajiye hularsa don ya saje da jama'a. Ranar Juma'a nakan sa kaftani da siririyar rigar marino a ciki, in ɗora kwat, in kafa zanna bukar. Uwargida kan sa doguwar kwat ruwan zuma a kan abaya, da mayafin ulu maimakon gyale mai shara-shara da iska ke wasa da shi. In ta ɗaura atamfa, kwat ɗin marar ado ita ke barin atamfar ta yi magana.

Bara da na je gida na tafi da yadi biyar na ulun yankinmu na Yorkshire mara nauyi, ruwan toka, na kai wa telan da ke yi wa Baba ɗinki tun ina yaro. Ya murza shi, ya ɗaga ga haske, ya ce, "Ɗana, wannan ba ya son aiki da yawa." Na ce abin da ya kawo ni ke nan, Baba. Ya yi mini kaftani mai tsaga gefe, da siririn aiki a wuya da zare kalar yadin, ya ƙara faɗin hammata yadda suwaita za ta shiga. Tun farkon Oktoba nake zuwa aiki da shi duk Litinin da Juma'a, kuma na riga na sayi wani yadin, shuɗi mai duhu, yana jiran mai tafiya Kano.